Kun Tambaya, Mun Amsa: Gudu da Juriyar Jirgin Ruwa Mai Filafili

Wasiƙu uku ne suka iso mana a kan ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, musamman irin waɗanda ake ƙerawa domin aiki biyu, wato a shiga gasar tsere da su a ƙarshen mako, sannan a kwashi iyali a tafi yawon shaƙatawa idan hutu ya zo. Mun haɗa su wuri ɗaya saboda amsar ta farko ita ce tsanin da za a taka a fahimci sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam, ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma a ranakun Asabar nakan hango waɗansu ƙananan jirage farare masu filafili suna fitowa daga kulob ɗin masu jiragen ruwa na Legas, suna tafiya babu ƙarar inji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wani lokaci iska daga gabansu take busowa amma suna ci gaba da tafiya, ga jirgin a karkace kamar zai kife. Yaya hakan yake yiwuwa, kuma gudun nawa suke yi? Daga wani mai karatu a Apapa, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan ka ƙara lura da kyau za ka ga babu ɗaya daga cikinsu da yake tunkarar iska kai tsaye, domin babu jirgin filafili da zai iya hakan. Abin da suke yi shi ne su kauce mata da kimanin digiri 45, su yi tafiya a haka na wani lokaci, sannan su juya su kauce mata ta ɗaya ɓangaren, kamar yadda jaki mai kaya yake hawan tudu a karkace maimakon ya miƙe sak. Wannan ya sa tafiyar kilomita 10 zuwa inda iska take fitowa takan koma kusan kilomita 14.

Filafilin da aka ja aka ɗame yana lanƙwasa ne kamar fiffiken jirgin sama. Iska tana bi ta fuskokinsa biyu, matsinta ya ragu a fuskar waje, sai a sami ƙarfin da yake jan jirgin, mafi yawansa zuwa gefe, kaɗan daga ciki zuwa gaba. Da a ce babu komai a ƙarƙashin jirgin, da gefe kawai zai riƙa zamewa kamar ƙwarya a kan tafki. To amma akwai wani faffaɗan ƙege mai nauyi da yake rataye a ƙarƙashinsa, wanda masu sana'ar suke kira kil, kuma shi ne yake tokare ruwa ya hana zamewar. Ka ɗauki jiƙaƙƙen sabulu ka matse shi tsakanin yatsu biyu, za ka ga ya suɓuce ya yi gaba. Iska tana matsawa ta sama, ruwa yana tokarewa ta ƙasa, jirgin kuma ba shi da mafita sai gaba.

Karkacewar da ta ba ka tsoro kuwa al'adar tafiyar ce, kuma dalmar da take cikin ƙegen ce take hana ta wuce iyaka. Sai dai gwanayen matuƙa ba sa son ta yi yawa, saboda jirgin da ya kishingiɗa fiye da kima yana jan ruwa, yana ƙoƙarin ƙwace kansa ya fuskanci iska, mai tuƙi yana ta kokawa da shi, ga hayaniya da fantsamar ruwa kamar ana babban gudu alhali gudun ya ragu. Maganinsa a rage faɗin filafili tun da wuri.

Batun gudu zai iya ba ka dariya. Jirgi mai nauyi yana tayar da igiyar ruwa ɗaya a goshinsa, ɗaya a bayansa, kuma gwargwadon ƙaruwar gudunsa gwargwadon yadda tazarar igiyoyin take buɗewa, har ta yi daidai da tsawon sashen jikinsa da yake cikin ruwa. Daga nan ya zauna a cikin kwarin da ya haƙa wa kansa, ba zai ƙara wani gudun kirki ba sai ya hau igiyar da take gabansa. Jirgin da tsawon jikinsa a cikin ruwa ya kai mita 7 da 'yan kai, iyakarsa kimanin kilomita 12 a awa ɗaya, gudun da mai keke zai wuce shi ba tare da ya yi gumi ba. Jirage marasa nauyi masu shimfiɗaɗɗen ciki ne kaɗai suke iya ɗagowa su yi sulu a saman ruwa su zarce wannan iyaka.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a garin Southampton na Ingila, kuma wani abokin karatuna ya gayyace ni mu tsallaka teku zuwa Cherbourg ta Faransa a jirgin mahaifinsa, wanda ya ce sunan samfurinsa Contessa 32. Na je na gani, tsohon jirgi ne, cikinsa matsattse, dogon mutum ma sai ya sunkuya, alhali ga sababbi a kusa da shi masu faɗi kamar ɗakin amarya. Da na nuna shakka sai ya ce ai irin wannan jirgin ne ya tsira a Fastnet, bai ƙara mini bayani ba. Mene ne Fastnet, kuma me ya sa ake ɗaukaka wannan tsohon jirgi haka? Shin in bi su? Daga wani ɗalibi a Southampton.

AMSA: Amin, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokinka ya gajarce maka labari ne saboda a wurin masu jiragen filafili na Ingila ambaton sunan kawai ya isa.

Fastnet wani dutse ne mai hasumiyar fitila a cikin teku, kudu maso yammacin ƙasar Ailan, kuma da sunansa ake kiran wata gasar tsere da ƙungiyar Royal Ocean Racing Club take shiryawa duk bayan shekara biyu. A shekarun 1970 ana tashi daga Cowes, wadda ba ta da nisa da inda kake zaune, a kewayo dutsen, a sauka a Plymouth da take kudu maso yammacin Ingila, tafiyar kimanin kilomita 1,120. A ranar Asabar 11 ga Agusta, 1979, jirage 303 suka tashi. A daren Litinin zuwa wayewar garin Talata guguwa ta riske su a tsakiyar teku, tsakanin Ingila da Ailan, inda babu tashar da za a fake. Ƙarfin iskar ya kai mataki na 10 a ma'aunin Beaufort, wato kusan kilomita 100 a awa, amma abin da ya fi yin ɓarna shi ne yadda iskar ta sauya alƙibla cikin dare, sababbin raƙuman ruwa suka riƙa karo da tsofaffi, suna miƙewa tsaye suna fashewa ta kowace fuska. Jiragen da suka kammala tseren ba su kai 90 ba. An gudu an bar 24 a cikin teku, biyar suka nutse, mutum 15 daga cikin 'yan tseren suka rasa rayukansu.

A rukunin ƙananan jirage, wanda ake kira aji na biyar, jirage 58 ne suka tashi, ɗaya tak ya kammala tseren. Sunansa Assent, samfurin Contessa 32 ne, kuma wani saurayi mai shekara 23, Alan Ker, shi ne ya ja ragamarsa, jirgin kuwa na mahaifinsa ne, Willy Ker. Shi ma ruwa ya kwantar da shi a daren, amma ya miƙe ya ci gaba da tafiya.

Dalilin miƙewar tasa shi ne zuciyar tambayarka, kuma za ka iya gwada shi a ɗakinka. Ka cika baho da ruwa, ka ɗora farantin roba mai faɗi a kai, sannan ka sa kwalbar roba siririya wadda ka zuba yashi a gindinta ka rufe bakin. Idan ka taɓa farantin da yatsa ba zai yi wani motsi ba, ita kuwa kwalbar da ɗan taɓi sai ta yi layi. Wanda ya tsaya a nan zai ce farantin ya fi aminci. To ka kifar da su duka biyun. Kwalbar za ta juyo ta tsaya kafin ka janye hannunka, farantin kuwa zai zauna a kife, cikin natsuwar da ya zauna da ita lokacin da yake daidai. Faɗin da ya hana shi karkata da farko, shi ne yake hana shi komowa bayan ya kife.

David Sadler ne ya zana Contessa 32 tare da maƙerinta Jeremy Rogers na garin Lymington, aka fara ƙera ta a 1971, kuma ga jikin kwalbar nan ta fi kusa. Tsawonta mita 9.75, faɗinta mita 2.9 kacal, nauyinta kimanin kilo 4,300, kuma fiye da kilo 2,000 na wannan nauyi dalma ce da take can ƙasa a cikin ƙege. Yawancin sababbin jiragen tsere na shekarun 1970 kuwa sun karkata ga jikin farantin, saboda ƙa'idar awon da ake amfani da ita a gasa a lokacin, wadda ake kira IOR, tana ba da rangwame ga jirgi mai ƙiba a tsakiya, mai tsukakken goshi da baya, mara nauyi sosai a ƙasa. Masu zane suka bi inda lada yake, kuma ban ga laifinsu sosai ba, tunda kofi ake ba wanda ya riga isa.

Bayan musibar an kafa kwamitin bincike, aka kuma nemi masanan sashen Wolfson na Jami'ar Southampton, wato garin da kake, su auna jirage biyu masu kusan tsawo ɗaya. Abin da suka nema shi ne iyakar karkatar da jirgi zai yi ya iya komowa da kansa. Tsayuwa daidai ita ce sifili, kwanciya a kan gefe har jigon filafili ya taɓa ruwa digiri 90, kifewa gaba ɗaya digiri 180. Sun samu cewa jirgin tseren zamanin yana sallamawa a wajen digiri 117, daga nan sai ya zarce ya kife, kuma yana iya zama a kifen har sai wata igiyar ta zo ta ture shi. Contessa 32 kuwa ba ta sallamawa sai wajen digiri 156, wato ko da jigonta ya nutse yana kallon ƙasan teku tana nan tana neman miƙewa, kuma idan ta kife ɗin ma ƙaramar igiya ta isa ta tayar da ita. Ga mutumin da yake ɗaure da igiya a wurin tuƙi, kansa a cikin ruwan sanyi, bambancin daƙiƙa biyar da minti biyu shi ne bambancin rai da ajali.

Kada ka ɗauka lamarin ya tsaya ga 'yan jirage kaɗan. A cikin waɗanda suka amsa tambayoyin kwamitin, kusan rabi sun ce ruwa ya kwantar da su har jigo ya kai ga ruwa, kimanin kashi ɗaya cikin uku kuma sun wuce nan, waɗansu har suka yi cikakkiyar wuntsila. Abin da ya faru a cikin ɗakunan jiragen shi ne ya fi karya zukata. Batura masu nauyi suka tsinke daga mazauninsu, murhun girki ya fice daga maƙalinsa, gwangwanayen abinci da kayan aiki suka riƙa shawagi suna fasa kawunan mutane a cikin duhu, allunan da ake toshe ƙofar ɗaki da su suka zube suka ɓace, ruwa ya kwararo ya gauraya da man inji har ya kai gwiwa. Mutanen da sanyi da amai da rashin barci suka riga suka galabaitar, da suka ga haka sai suka tabbata jirgin nutsewa zai yi, suka hura kwale-kwalen ceto na roba suka shiga. Bakwai daga cikin mamatan sun rasu ne bayan sun koma waɗannan kwale-kwale, waɗanda suka riƙa kifewa ko yagewa, alhali 19 daga cikin jirage 24 da aka gudu aka bari an same su daga baya suna yawo a kan ruwa ba su nutse ba. Tun daga lokacin ake koya wa masu shiga teku cewa kada mutum ya bar jirginsa sai ya zamana hawa zai yi zuwa cikin kwale-kwalen ceto, ma'ana jirgin ya riga ya yi ƙasa da shi.

Sai dai Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, kuma matsatsin da ka gani da idonka shi ne kuɗin da aka biya. Jirgin yana da ƙasa-ƙasan gefe, saboda haka idan ana tunkarar iska ruwa yana hawowa ya jiƙa kowa sharkaf. Idan iska tana bayansa yakan yi ta rangaji hagu da dama har mai ƙarfin ciki ma ya ji jiri, kuma sabon jirgi mai faɗin baya zai wuce shi ya ɓace masa. Babban filafilinsa na gaba yana cin ƙarfin damtse duk lokacin da za a juya. Inda yake nuna kansa shi ne tunkarar iska mai ƙarfi a cikin ruwa mai tsalle, domin siririn goshinsa yana yanka igiya ne maimakon ya faɗa mata da ciki, allon tuƙinsa kuma yana jingine da wani ƙaramin ƙege da yake kare shi, ga shi a daren Fastnet jirage da dama allon tuƙi ne ya karye musu. Da irinsa John Kretschmer ya kewaya Cape Horn, ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, a 1984 a hanyarsa daga New York zuwa San Francisco, da irinsa kuma wani yaro ɗan shekara 15, Seb Clover, ya tsallaka Tekun Atlantika shi kaɗai ya sauka a tsibirin Antigua na yankin Karibiyan a farkon 2003.

Game da bin su kuwa, samfurin jirgin bai isa ya sa in ce maka ka tafi ba, domin jirgin da ya haura shekara 40 lafiyarsa tana hannun mai kula da shi. Daga bakin tsibirin Wight, wanda yake daura da Southampton, zuwa Cherbourg kimanin kilomita 110 ne, tafiyar awa 12 ko fiye, ana ratsa hanyar manyan jiragen dakon kaya, ga ruwa mai ƙarfin ja a gaɓar Faransa. Ka tambayi mahaifin abokin naka cikin ladabi yaushe aka sabunta wayoyin ƙarfen da suke riƙe da jigo, ko akwai rigar ceto da igiyar ɗaure jiki ga kowane mutum, da kuma abin da zai yi idan hasashen yanayi ya ɓaci a ranar tafiya. Idan ya ce sai a ɗaga tafiyar, ka bi shi da kwanciyar hankali. Ka kuma roƙi a fara fita da kai yini ɗaya a ruwan Solent, mashigin da yake tsakanin tsibirin Wight da gaɓar Ingila, ka san yadda cikinka yake da teku kafin ka yi nisa da tudu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen injiniyanci, kuma na karanta cewa a Turai ana manna wa kowane sabon jirgin shaƙatawa harafi daga A zuwa D. Shin jirgin da yake da harafin A ya fi tsofaffin jirage aminci ke nan, tunda an auna shi da ilimin zamani? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Harafin yana nuna irin yanayin da aka zana jirgin dominsa ne. Na D domin ruwa mai lumana ne, iska har mataki na 4 a ma'aunin Beaufort. Na C har mataki na 6 da igiyar ruwa mai tsayin mita 2, na B har mataki na 8 da igiya mai mita 4, na A kuma domin abin da ya wuce haka, ban da guguwa irin wadda ta fita daga al'ada. Daga cikin abubuwan da ake aunawa har da iyakar karkatar nan da muka yi bayani a sama, kuma wannan ci gaba ne na gaske, domin a 1979 mai saye ba shi da wata hanyar sanin ta. Sababbin jirage sun kuma fi sauƙin rage filafili, sun fi gudu, wanda yake ba su damar isa tasha kafin hadari ya iso.

Amma a matsayinki na mai koyon injiniyanci ki lura cewa duk wannan lissafi an gina shi ne a kan sharaɗi ɗaya, wato ƙegen yana nan a maƙale. A Contessa 32 dalmar tana cikin jikin jirgin ne, an zuba ta an lulluɓe da faiba, babu wani ƙusa da yake riƙe da ita. A mafi yawan jiragen tsere da shaƙatawa na yanzu kuwa ƙegen siriri ne mai zurfi, nauyinsa a can ƙarshe, an ɗaure shi da manyan noti a jikin wani firam da aka manna a cikin jirgin. Wannan tsari yana ƙara gudu da iya tunkarar iska, amma duk ranar da ƙegen ya daki dutse ko tudun yashi, dogon hannun nan yana mayar da bugun gaba ɗaya zuwa ɗan ƙaramin wurin da aka ɗaure shi, kuma lahanin yana iya ɓuya a ƙarƙashin firam inda ido ba ya kaiwa.

A watan Mayun 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki, samfurin Beneteau First 40.7 mai tsawon kimanin mita 12, yana komawa Southampton daga gasar tsere a Antigua, mutanensa suka aika da saƙo cewa ruwa yana shiga ba su gano ta ina ba, daga nan aka daina jin ɗuriyarsu. Da aka gano gangar jirgin a tsakiyar Atlantika, a kife take babu ƙege, kwale-kwalen ceto yana nan a mazauninsa ba a samu damar ciro shi ba, mutum huɗun da suke ciki kuma ba a same su ba. Hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ta karkata ga cewa dukan ƙasa da jirgin ya sha a shekarun baya, da gyare-gyaren da suka biyo baya, suna iya zama abin da ya raunana mannin firam ɗin da jikin jirgin. Shi ya sa mai duba tsohon jirgi irin wannan yakan sa a ɗaga shi sama da majanyi, ya girgiza ƙegen ya ga ko zai motsa, ya bi mahaɗarsa da jiki yana neman tsaga ko zirin tsatsa, sannan ya shiga ciki ya ɗaga allunan daɓe, ya riƙa ƙwanƙwasa firam ɗin da ƙaramar guduma yana sauraron inda ƙarar za ta sauya.